Damin Iya Falta

Daga Muntaka, na'ibin limamin Tsamiyar Mala ta ƙasar Zakirai, zuwa ga taubashina Kallamu, mai saye da sayar da hatsi a Kasuwar Kurmi.

Gaisuwa da aminci. Muna lafiya. Gero ya fitar da kai, dawa ta yi ciki. Ƙafar Liman Khalilu ce dai take ta kumburi, shi ya sa ni nake jan salla. Bayan haka:

Irin shuka da ka aiko wa Iya Falta, matar marigayi baffanka, ga shi nan Basiru mai jaki zai mayar maka. Wata uku yana zaurena ina lallashinta. Har na ce mata ni na saya. Ta damƙi ƙwayar ta sansana, ta ce, "Muntaka, ƙarya ba ta yi wa mai jan salla kyau. Wannan geron ya ga birni." Rantsuwar da ta yi ranar da ka dawo daga Gwanja ba tare da ɗanta Umara ba tana nan yadda take: ba za ta ci ƙwayar da ta fito daga hannunka ba. Na ce mata zazzaɓi ne ya ɗauke shi a hanya. Ta ce ta sani, amma wa ya zuga shi ya ajiye garma ya bi ayari?

Ga inda maganar take. Damina biyu ke nan gonarta ba ta ga sungumi ba. Ka san ƙasar nan, gona manne da gona, ko akuya ba ta da wurin juyawa. Al'adar garin kuwa, gonar da ta yi damina uku ba shuka, dagaci yakan ba wani. Maƙwabcinta Sama'ilu mai 'ya'ya tara ya riga ya kai gaisuwa, ban kuwa ga laifinsa ba. Samari sun ce za su yi mata gayya, iri ne babu. Roƙo ba ta yi, da kaɗin zare take ci. Abu ɗaya take karɓa, dammunan zakka da ake rabawa a ƙofar dagaci da kaka, don ta ce wannan na Allah ne. Su ma ba sa kwana, a nan ƙofar ake saye. Kafin ruwan shuka ba ta da ko zangarniya ɗaya.

In ta rasa gonar nan, ta rasa abin da ya rage mata na mijinta da ɗanta. Kai ne mai dabara. Wassalam.

*

Daga Kallamu zuwa ga Malam Muntaka, na'ibi kuma baƙauye.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, iyali lafiya, sai haƙorin nan na dama da goro ya ƙarasa. Allah ya ba Liman sauƙi, ko don mutanen gari su huta da dogayen surorinka.

Geron ya dawo. Ni ma na sa hanci, ban ji birni ba. Hancin tsohuwa dai na Barebari ne, ba a yi masa wayo da rana tsaka.

Kwana biyu ina juya takardarka a bakin rumfa, sai na ga abin da ku da kuke zaune a kansa ba ku gani. Kuna raba wa miskinai hatsi a lokacin da ko kaza ta ƙoshi. Da kaka wa yake jin yunwa? Ko mahaukaci ya bi ta gona ya samu abin tauna. Geron kaka da geron bazara uwarsu ɗaya, amma ba sa zama a tabarma ɗaya. Na kaka bawa ne, kowa ya aike shi. Na bazara sarki ne, sai an durƙusa. Ku kuwa kullum bawan kuke ba su.

Bana kada a raba. A tara dammunan zakka a zuba a rumbu guda, a liƙe shi, sai hadarin shuka ya taso. Sauran bayani sai na samu zama, don Basiru yana tsaye a kaina, jakinsa kuma yana cin tabarmar maƙwabcina. Allah ya bar zumunci.

*

Daga Muntaka zuwa ga Kallamu.

Aminci gare ka. Lafiya lau, an fara yankan gero. Liman ya fito da sanda.

Na yi wauta na karanta takardarka a zauren dagaci, Liman yana zaune. Liman ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Haƙƙin miskini ranar girbi ake ba shi. Wanda ya riƙe shi wata shida, ko da kyakkyawar niyya, ya riƙe abin da ba nasa ba. In miskinin ya mutu da rani, wa zai amsa?" Gaskiyarsa ce kuwa. Dagaci kuwa shawarar ta yi masa daɗi fiye da yadda nake so. Rumbu cike a bayan gidansa, ga baƙin hakimi da dawakinsu kowane wata. Ka gane.

Kafin la'asar magana ta gama gari. A bakin rijiya cewa ake yi ɗan birni yana so a tara masa hatsi wuri ɗaya ya saya a dunƙule, wai an ba kura ajiya. Na tsaya maka, har Basiru ya ja ni gefe. Ya ce Mika'ilu, wanda yake zuwa da jakuna biyar duk ranar rabo yana saye daga hannun tsofaffi, a zaurenka yake sauke kaya.

Ashe dammunan Iya Falta na bara a rumbunka suka kwana. Ita ba ta cin naka, kai kana cin nata.

Ban gaya wa kowa ba. Rabo ranar Juma'a ta uku daga yau, yadda aka saba. In kana da magana, ka faɗa. Wassalam.

*

Daga Kallamu zuwa ga ɗan'uwana Muntaka.

Gaisuwa. Jiki lafiya. Takardarka ce ta hana ni cin tuwo, matata har tana tambaya ko miyar ce.

Gaskiya ne, Mika'ilu nawa ne. Shekara takwas yana yi mini sayen kaka a ƙauyuka shida. Ban taɓa tambayarsa hannun wa ya karɓa ba, don mai sayen nama ba ya tambayar sunan akuya. Yanzu ka gaya mini sunan. To, sai ɓarawo ke gane sawun ɓarawo a kan dutse, saboda haka ka saurare ni, na san abin nan ta ciki.

Ka taɓa tambayar kanka don me suke sayarwa a ƙofar? Ku malamai cewa kuke yi rashin haƙuri ne. Je ka duba bayan ɗakin Iya. Rumbun baffa ya rushe tun shekarar da Umara ya tafi, shi ne mai yaɓe shi. In ta kai dami ɗaki, gara ta ci ta ƙasa, ɓera ya ci ta sama, kajin maƙwabta su ƙarasa. Gwamma ta sayar ta sayi gishiri da auduga. Duk waɗanda Mika'ilu yake saye a hannunsu haka suke. Talaka ba hatsi kaɗai ya rasa ba, wurin ajiye shi ya rasa. Da wannan muke ci, mu masu rumbu.

Liman ya yi gaskiya, na janye maganar riƙewa. Ga wata. A zangonmu na nan, falke in zai wuce gaba yakan bar kayansa wurin mai masauki. Ba rubutu, ba shaida. Kowa yana ɗaure kayansa da irin ƙullinsa, in ya dawo ya duba igiya, ya san ko an taɓa. Kayan nasa ne, ɗakin na wani.

To a raba ranar Juma'a, a sa wa kowa damin a hannunsa, Liman yana kallo. Zakka ta fita ke nan, ba jinkiri. Sannan a ce ga rumbu, wanda ya so ya ɗaure nasa da igiyarsa ya bar shi amana. Rumbun kada ya zama a bayan gidan dagaci, a gina shi a jikin masallaci inda kowa yake wucewa sau biyar.

Yanzu ga yadda za ka sayar da maganar, don kai ko ruwa aka ba ka da azumi ba za ka iya sayarwa ba. Wurin Liman kada ka kai ta a matsayin shawara, kai ta a matsayin tambaya: "Allah ya gafarta Malam, in miskini ya karɓi haƙƙinsa ya ba masallaci ajiya, ya halatta?" Ka bar shi ya gano da kansa. Wurin dagaci ka ce za a riƙa cewa a zamaninsa aka fara. Sunana kuwa ka binne shi. In Iya ta ji ƙamshina a jikin rumbun nan, ko inuwarsa ba za ta bi ba.

Mika'ilu bana ba zai zo ba, na tura shi wajen Tofa. Allah ya sa mu dace.

*

Daga Kallamu zuwa ga Muntaka.

Gaisuwa. Lafiya dai?

Yau kwana ashirin da biyar ba amsa. Juma'ar rabo ta wuce. Sabon gero ya cika Kurmi, ina ta duban dammuna kamar zan gane na Tsamiyar Mala a fuska. Basiru ban sa shi a ido ba tun da na ba shi takarda. Wannan na ba wani mai kanwa da zai bi ta wajenku.

In fushi kake yi, ka yi, amma ka rubuto. In kuma ka ga bai kamata na'ibi ya yi hulɗa da mai cin damin tsofaffi ba, ka faɗa mini abu ɗaya kawai: ta sayar ko ba ta sayar ba? Wassalam.

*

Daga Muntaka zuwa ga Kallamu.

Aminci da yarda. Muna lafiya, an gama shigar da dawa.

Ba fushi ba ne. Basiru ya samu dakon gyaɗa ya yi gabas, takardarka tana cikin hularsa. Ranar Laraba ta iso, rabo saura kwana biyu, ta sha zufa har sai da na yi ta cankar wasu kalmomin.

Na kai wa Liman tambayar bayan azahar. Ya sa aka ɗauko masa gafakar littattafansa. Da la'asar ya kira ni ya ce, "Muntaka, wani tunani ya zo mini." Ya zayyana mini shawararka kaf, har da maganar igiya, wadda na jefa masa a kan hanya. Na ce, "Allah ya ƙara wa Malam basira." Rumbu ba lokacin gini, sai Sama'ilu ya ba da aron nasa na kara, aka ɗauko aka kafa a jikin masallaci. I, Sama'ilun da yake jiran gonar. Ya ce abin Allah ne.

Ranar Juma'a mutum goma sha tara suka karɓa. Suka tsaya suna waige-waigen jakunan Mika'ilu, babu. Wasu sun yi gunaguni, don da gaske suna bukatar gishiri, kuma ba ka yi musu tanadin wannan ba. Wata tsohuwa ta ce, "Wane irin rumbu ne wannan da ba ya haifar daddawa?" Goma sha ɗaya suka ɗauki nasu suka tafi. Bakwai suka ɗaure suka bari, wannan da tsumma, wannan da kaba.

Iya Falta ta zauna a kan dammunanta biyu har inuwa ta juya. Ta kira ni ta ce, "Wannan dabarar ta wa ce?" Na ce ta Liman. Ta ce, "Khalilu tun yana yaro bai taɓa yin dabara ba." Na ce girma yana kawo abubuwa. Ta dube ni ta ce, "In na zo cikin rani na ce a ba ni, za a ba ni?" Liman ya ji, ya ce, "Naki ne, Falta. Ko gobe." Sai ta ciro igiyar rama daga bakin zaninta ta ɗaure. Ƙullin ban taɓa ganin irinsa a garin nan ba: zagaye biyu, a soka ta ƙasa, a bar kunne ɗaya yana reto. Dagaci da kansa ya liƙe rumbun.

Saura wata shida. Wassalam.

*

Daga Kallamu zuwa ga Muntaka.

Gaisuwa. Zafi ya sauka a birni, ruwan rijiyarmu ya koma kamar kunun kanwa. Lafiya dai muke.

Ƙullin da ka kwatanta na san shi. Ɗaurin kayan jaki ne na masu hanyar Gwanja, a ja kunnen nan kaya su sauka gaba ɗaya. Ni na koya wa Umara a zaurena, kwana uku kafin mu tashi. Ban san ya koma gida ya nuna wa uwarsa ba. Wannan ya sa na daɗe ban amsa maka ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau daban ne. Basiru ya sauka jiya, ya ce ya ga an buɗe rumbun masallaci, ya ga Iya ta wuce da dami a ka, wata yarinya tana biye da ɗayan. Ya ce kai da hannunka ka miƙa mata. Muntaka, saura wata biyu ruwa ya sauka. Wata huɗu ana tsaron abu, sai a bakin gaɓa ka kifar da kwalekwalen? Ba za ka iya cewa Liman ya yi tafiya ba? Ba za ka iya cewa sai dagaci ya zo ba? Mu a kasuwa in mutum ya zo karɓar abin da zai cuce shi, sai mu yi ta ba shi ruwa da labari har rana ta faɗi.

Na san abin da za ka ce, nata ne. Ni na kawo maganar, na sani. Amma na kawo ta ne don Liman ya yarda, ban kawo ta don a bi ta har ƙarshe ba. Ga shi ta kama ni da kaina.

In gonar ta tafi, ka roƙar mini Sama'ilu ya bar mata gindin kukar da baffa yake hutawa, ko ganyen ta riƙa samu. Ka rubuto ko da layi ɗaya ne. Wassalam.

*

Daga Muntaka zuwa ga taubashina Kallamu.

Gaisuwa da aminci. Muna lafiya, damina ta yi albarka. Na san wata biyar ke nan ban rubuto ba, ka karanta kafin ka zage ni.

Basiru ya ga fitar dami, bai ga komawarsa ba. Gaskiya ne ta zo ta ce a ba ta, na kuwa ba ta. Da na yi mata dabarar ruwa da labari, da washegari ba wanda zai ƙara yarda da rumbun nan, don tsofaffin duk suna tsaye suna kallo su ga ko amanar ta gaskiya ce. Amma na kwana da baƙin ciki kamar kai.

Kwana biyu sai ga ta. Ta baje dammunan a tsakar gida, ta bi zangarniya ɗaya-ɗaya, ta ware manya masu cikar ido waɗanda tsutsa ba ta taɓa ba. Sauran ta sussuka ta ci, don yunwa gaskiya ce. Waɗanda ta zaɓa ta yi musu ɗan ƙaramin dami, ta barbaɗe da toka, ta ɗaure da ƙullin nan ta mayar. Ta ce mini, "Ku maza da hankalinku, wa ya taɓa shuka dami biyu a gona ɗaya? Iri kaɗan ne. Ku ajiye iri, ku bar mutane su ci abincinsu."

Sauran bakwai ɗin suka yi yadda ta yi. Yanzu Liman ya ce bana tun ranar rabo za a ware damin iri daban, na ci daban, wanda ya so ya sayar da na ci ya sayi gishirinsa. Wannan ma ya ce tunani ne ya zo masa. An gina rumbun ƙasa, dagaci ya ba da jinka. Limamin ƙauyen da ke arewa da mu ya aiko a nuna masa yadda ake yi.

Ruwan shuka ya sauka ranar Talata. Laraba samari goma sha biyu suka shiga gonar, Sama'ilu ne a gaba da sungumi, Iya tana biye tana jefa iri tana takewa. Dagaci ya zo ya tsaya a kan iyaka, ya ce gonar Falta ta Falta ce.

Shirun da na yi, ita ta sa. Ranar shuka ta ce, "Kada ka rubuta wa na birni sai gero ya nuna." Na ce wane na birni? Ta ce, "Muntaka, shekara takwas jakunan Mika'ilu ba su taɓa fashi ba sai ranar da Khalilu ya yi dabara. Kuma ajiyar kaya da ƙulli, a bakin Umara na fara jin ta. Ka bar shi, shi ma ya ɗanɗana jiran labari." Na ce to rantsuwa fa? Ta ce, "Tana nan. Geron na Allah ne, rumbun na masallaci, ban ci nasa ba."

Jiya ta kawo abin da Basiru zai ba ka. Tumun gero ne guda bakwai, na farkon gonar, ita ta gasa, ta ɗaure su da ƙullin nan. Ta ce ta rantse ba za ta ci naka ba, amma ba ta taɓa rantsewa ba za ka ci nata ba, tunda dai ka saba. Wassalam.

*

Daga Kallamu zuwa ga Muntaka.

Gaisuwa. Saƙo ya iso lafiya.

Na ci, da haƙorin hagu. Matata ta miƙo hannu na hana ta. Ka gaya wa Liman ina taya shi murnar basira. Ka gaya wa Sama'ilu in yana son ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya koyi awo, rumfata tana nan, kuma ba inda zan kai shi da ya wuce ƙofar gari.

Iya kuwa, ka ce mata ya yi daɗi. Kada ka ƙara komai a kai, na san ka.

Igiyar ban ja kunnenta ba. Ta ƙasa na zare tumun ɗaya bayan ɗaya, ƙullin yana nan yadda ta yi shi. Na rataye shi a zaure. Wassalam.